370Z ko Toyota 86: wacce za ta iya zaman Legas?

Ranar wata Juma'a bayan an sauko masallaci a Agege, ƙanin wani abokina da ke harkar canji a Ikeja ya tare ni da waya a hannu, wai Yaya don Allah duba min biyun nan wacce zan sa a ɗauko min. Ɗaya Scion FR-S ce fara, wato Toyota 86 da wani suna, ɗayar Nissan 370Z baƙa, duk a gwanjon Amurka suke. Yace shi dai hankalinsa ya fi kwanciya da farar, ai Toyota ce, kuma Toyota a Legas ko a tsakiyar Oshodi ta tsaya maka sai ka samu mai gyara kafin ka gama buɗe bonet. Toh wannan maganar tasa ce ta sa nace bari in zauna in yi bayanin nan dalla-dalla, don ba shi kaɗai ke wannan lissafin ba, kuma daidai wurin nan ne kuɗin mutane ke zubewa.

Ni shekara huɗu kenan ina riƙe da 370Z, kafin ita na hau 350Z wadda na saya a hannun wani a nan gida, sannan akwai aminina da muke unguwa ɗaya yana da 86, na tuƙa ta ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kuma na raka shi gareji har na gaji. Saboda haka abin da na gani da idona zan faɗa.

Kafin ma a zo kan wacce, sai an fara da daga ina. Duk wanda yace maka zai kawo maka mota kai tsaye daga Japan ka tsaya ka tambaye shi sitiyarin ina yake. Japan a hannun hagu na titi suke tuƙi, sitiyarinsu a dama, mu kuma tun 2 ga Afrilun 1972 muka koma hannun dama na titi, kuma dokar hanya ta hana mota mai sitiyarin dama, 'yan rodsefti sun sha nanata wannan. Abin da ake yi shi ne a juya sitiyarin, a farke dashbod, a yanka waya a haɗa, a mayar da birki da kuloci ɗaya ɓangaren. A motar ɗaukar kaya da ke tafiya a hankali ma abin tsoro ne, balle motar da za ka taka ta wuce 150. Wallahi ko kyauta aka ba ni juyayya ba zan sa iyalina a ciki ba. Don haka irin su Skyline R34 da Silvia da yara ke gani a bidiyo suna mafarki, a cire su a lissafi kawai. 'Yar Japan ɗin da za ta yi maka amfani ita ce wadda aka ƙera don kasuwar Amurka ko Kanada ko Dubai, sitiyarinta a hagu tun daga kamfani.

Sai maganar shekaru. Kwastan sun sa iyakar shekara 12 daga shekarar ƙira ga motar hannu da za a shigo da ita, kuma tun 2022 da lambar VIN, wato lambar shasin mota, suke lissafa kuɗin fito, ba yadda ejen ɗinka ya rubuta ba. Ma'ana 350Z, wadda aka yi daga 2002 zuwa wajen 2008, ta riga ta fita, sai dai ka nemi wadda ke gida. Ita 370Z daga 2009 ta fara har 2020, 86 kuma 2012 ta fito, to ka ɗebe 12 daga shekarar da muke ciki ka ga daga ina za ka fara duba.

Yanzu ga abin da na gaya wa yaron nan. FR-S da Toyota 86 da Subaru BRZ mota ɗaya ce da suna uku. Scion sunan da Toyota ke sayar da wasu motocinta ne a Amurka, an rufe shi a 2016, shi ya sa daga 2017 za ka ga an koma rubuta Toyota 86. Amma kamfanin Subaru ne ya haɗa ta a masana'antarsa ta Gunma, kuma injin cikinta na Subaru ne, FA20, lita 2, silinda huɗu a kwance biyu dama biyu hagu, wanda suke kira boksa. Ka buɗe bonet za ka ga sunan Subaru a rubuce kusa da na Toyota. To Subaru nawa ka gani a titin Legas cikin satin nan? Bakaniken da ya ƙware a Corolla da Camry da Sienna in ya leƙa ciki baƙon abu zai gani. Filogi kaɗai, da yake silindodin a kwance suke suna kallon gefen bodi, wurin sa hannu ƙunci gare shi, wanda bai saba ba sai ya yini a kai ko ya karya maka wani abu. Aminin nan nawa akwai lokacin da wani bakanike ya kwance masa gefen injin don ɗan yoyon baƙin mai, ya mayar ya cika gam fiye da kima, ƙarshe sai da aka sake saukewa a wani garejin, motar ta yi sati biyar a ajiye ana jiran gaskit daga waje. Mun zaga kasuwar kayan mota ta Ladipo layi-layi, kowa sai yace Oga dawo gobe, goben kuma babu.

370Z kuwa injinta VQ37VHR ne, V6 lita 3.7, kuma dangin VQ ba baƙi ba ne a garin nan. Murano, Pathfinder, Maxima, Altima mai V6, Infiniti FX35 da G35, duk VQ35 ne a cikinsu, shekara da shekaru ana kwance su ana ɗaurawa a Legas. Shi na 3.7 ɗin kansa yana cikin Infiniti G37 da Q50 ta farko da QX70. Ba wai kowane abu na Murano zai shiga Z ba, a'a, amma kwal, sensa, filogi, famfon ruwa, har injin gaba ɗaya tokumbo in Allah Ya kawo tsautsayi, za ka samu a Ladipo ko kasuwar ASPAMDA da ke Trade Fair ba sai ka jira jirgi ba. Kuma za ka samu bakaniken da in ya ji ƙarar ya san me ke damunta. A wurina wannan kaɗai ya kusa raba gardamar.

Inda su biyun suka yi kunnen doki shi ne kayan bodi. Fitila, bamba, gilashin ƙofa, madubi, duk sai ka yi oda, ko Z ko 86. Kuma a Legas ba maganar ko za a goge ka ba ce, maganar yaushe ce. Ɗanfo zai goga, mai Keke zai goga, ya fito ya kwanta yana ba ka haƙuri da Yarbanci, kai kuma fitilar da ya fasa da dala za ka saye ta. Tun da aka saki naira a 2023 dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024, ɗan canji ya fi ni sanin wannan, to kowane ƙaramin abu sai ka ninka shi da wannan lissafin.

A zo kan daɗin tuƙi, tunda don shi ake sayen su. Z ƙarfin doki 332 gare ta, nauyinta wajen kilo 1,500. 86 doki 200 ne, nauyinta wajen kilo 1,250. A miƙaƙƙen titi babu haɗi ko kaɗan, Z cikin daƙiƙa biyar da ɗoriya ta kai 100, 86 sai wajen bakwai, mai atomatik ma ta fi haka jinkiri. Akwai wani wuri a tsakiyar juyin injin 86, wajen 4,000, da za ka taka ka ji kamar ta ɗan yi sanyi, sai ta wuce nan take farkawa har 7,000 da wani abu. Gaskiyar magana Camry mai V6 za ta iya ba ka kunya a fitilar hanya, kuma na san samarinmu, wannan abu ne da zai ci musu rai. Idan abin da kake so shi ne ka taka ka ji an manna bayanka da kujera, ka ji gurnani a ƙarƙashin gada, 86 ba za ta ƙosar da kai ba, wata shida za ka fara neman mai sa mata tobo, daga nan kuma ka buɗe wa kanka ƙofar da ba ta rufuwa.

Amma ba zan zalunce ta ba. 86 a kwana wata aba ce daban. Sitiyarinta kamar yana karanta zuciyarka, nauyin injin yana can ƙasa, motar ba ta da jiki, kana zaune kana ganin ko'ina. Da gangan aka sa mata siraran taya, 215/45 rim 17, don bayanta ya riƙa zamewa a hankali ba sai ka yi mugun gudu ba. Wanda ke son ya koyi tuƙi na gaske, ya san yadda mota mai jan baya ke yi, babu malamar da ta fi ta. Z kuwa nauyi gare ta a hannu, gilashin baya ɗan mitsitsi, in za ka canza layi a Ikorodu Road sai ka yi addu'a ka leƙa sau biyu don okada na iya ɓuya a gefenka baka gani ba. Ƙarar taya ma tana shigowa ciki sosai.

Tambayar ita ce a ina za ka yi kwanan a Legas? Abin da muke da shi gadar Third Mainland ce mai kusan kilomita 12, da Lekki zuwa Epe in ka wuce Ajah, da asubar Lahadi kafin gari ya tashi. Kuma yanzu kyamarorin kama gudu sun fara yawa, tara za ta same ka har waya. Sauran kwana shida gosulo ne. A gosulo kuwa abin da ke aiki shi ne esi da lagireto da ƙafarka ta hagu. A nan zan faɗi abin da masu son mota ba sa son ji: in a Legas za ka zauna da ita, ɗauki atomatik, musamman a Z. Kulocin Z nauyi gare shi, awa biyu daga Marina zuwa Agege kana taka shi kana saki gwiwarka za ta gaya maka, sannan sananne ne a masu manuwal ɗin cewa ƙaramar silindar kuloci da ke cikin giyabos tana mutuwa, kuma sai an sauke giyabos ɗin gaba ɗaya a canza ta. Atomatik ɗinta mai giya 7 ce kuma tana da kyau. 86 ce dai in ka ɗauke ta atomatik ka rage mata rabin daɗinta, to ka ga nan ma wani ciwon kan ne.

Fetur. Kafin 29 ga Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba, ƙarshen 2024 ta haura 1,000, don haka wannan ba ƙaramar magana ba ce yanzu. Tankin Z lita 72 ne, na 86 lita 50. A takarda Z tana yin wajen kilomita 9 a lita, 86 tana yin 11 zuwa 12, amma wannan lissafin titin Amurka ne, a gosulon Apongbon da esi a kunne ka manta da shi. Nan 86 ta yi nasara babu musu. Sai dai akwai abin da ya fi yawan shan muhimmanci, wato irin man. Duk su biyun kamfani cewa ya yi a ba su fetur mai babban okten, mu kuma gidan mai kala ɗaya ake sayarwa, ka sha ko ka bari. Matsin injin 86 ya kai 12.5, na Z 11, kuma iya yawan matsi iya yadda inji ke ƙin raunin mai. Kwamfutar motar za ta ja baya don ta kare injin, ka rasa wani ƙarfin, in kuma ka ji ƙas-ƙas kana hawan gada da rana tsaka to ɗaga ƙafarka. Ni gidan mai biyu kawai nake sha, ba na sayen na jarka ko da layi ya kai ina, kuma ina ajiye maganin ƙara okten a but. Wannan dalilin ne ma ya sa ban kawo Subaru WRX STI da Mitsubishi Lancer Evolution cikin zancen ba, tobo da man nan namu da zafin Maris, sai wanda ke da bakanike a gida.

Baƙin mai kuma don Allah a kiyaye. 86 0W-20 take sha, Z 5W-30. Bakanike zai ce maka Alhaji ƙasarmu da zafi, mai kauri ya fi, ya ɗura mata 20W-50 irin na tsohuwar Peugeot. Kar ka yarda. Ka sayi manka da kanka, ka tsaya a zuba a gabanka. Z dama tana da saurin ɗaukar zafin mai in aka matsa mata, ni na ƙara wa tawa ƙaramin lagireton baƙin mai kuma ban yi nadama ba.

Sai babban abokin gaba, ruwa da rami. Duk su biyun tsakaninsu da ƙasa wajen inci 5 ne, tafin hannu ɗaya kenan. Tudun rage gudu da 'yan unguwa ke ginawa da kansu, da hawan kwalbatin ƙofar gida, da ramukan cikin Agege da Mile 12 da Alaba Rago, kowanne sai ka shiga a karkace kana jin ƙasan na kuka. Kafin ka biya kuɗin mota ka fita ka kalli layinku da ƙofar gidanku, da gaske nake. Damina kuwa, Yuni da Yuli, in ruwa ya kwanta a Lekki ko Oshodi ka ga jif na ratsawa kar ka bi shi. Ni na yi wannan kuskuren da 350Z ɗina, ruwan bai kai gwiwa ba, wata babbar mota ta wuce ta turo min igiyar ruwa, inji ya shaƙa ya tsaya cak, na sake murza makulli wanda shi ne babban kuskuren, inji ya buga. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Abin da ya cece ni shi ne cikin kwana huɗu aka samo min wani injin a Ladipo. Da 86 ce a ranar, Allah kaɗai Ya san watannin da za ta yi a ƙarƙashin tamfol.

Wurin zama: Z kujera biyu ce tak, kai da mutum ɗaya, but ɗin ma ba zurfi. 86 tana da kujerun baya amma na yara ne ko jaka, sai dai suna kwantawa, ka samu wurin kaya mai ɗan dama. Mai iyali ya san wannan ba motar kai yara Islamiyya ba ce. Zuwa gida da Sallah kuma, kilomita wajen 1,000 zuwa Kano, ko ta Ilorin da Jebba da Mokwa ko ta Lokoja, ban ba ka shawara ba ko da wacce. Taya mai siririn gefe rami ɗaya ke fasa ta har da rim, kuma mai faci a Mokwa ba shi da 275/35 rim 19. In dole sai an gan ta a gida, ɗora ta a tirela kai ka bi jirgi.

Akwai ta uku da nake ganin ya kamata duk mai wannan shawarar ya duba, Lexus RC 350. Ta fito a 2014, ƙofa biyu, V6 lita 3.5, doki 306, jan baya, kuma injinta irin na IS 350 da GS 350 ne waɗanda suka cika Legas. Ta fi su nauyi, wajen kilo 1,700, ba ta da zafin Z kuma ba ta da wasan 86, masu tsattsauran ra'ayi ma za su ce ba motar tsere ba ce. Amma esi mai sanyi, ciki shiru, kujerar baya da za a iya zama na ɗan lokaci, ga masu gyara ko'ina. Ita ce Toyotar da yaron nan ke tunanin zai samu a jikin FR-S. Kuɗinta dai ya fi.

Mazda RX-8 kuwa duk arhar da za a yi maka ka wuce. Injinta rotari ne, ba fistin a ciki, da gangan yake ƙona baƙin mai, in ka kashe shi da sanyi yana iya ƙin tashi, kuma ranar da ya raunana ka shiga uku wajen neman wanda ya taɓa buɗe irinsa. Mazda MX-5 mota ce mai daɗi amma rufin tamfol a gosulon dare, reza ɗaya ta isa. Sabuwar Supra ta 2019 injin BMW ne a cikinta, a Ostiriya ake haɗa ta, lissafinta lissafin motar Jamus ne. Nissan GT-R kuma wanda zai iya riƙe ta ba ya buƙatar shawarata.

Wajen saye, ko wacce ka zaɓa, irin motocin nan ba tsofaffi ke hawansu a Amurka ba, yara ne masu zafin ƙafa, kuma yawancin na kamfanonin gwanjo irin su Copart da IAA masu hatsari ne. Ka biya a duba maka tarihin VIN, ka kalli hotunan gwanjon na asali ba waɗanda dila ya ɗauka bayan fenti ba. Bugun baya ko na ƙofa da sauƙi, bugun gaba da ya taɓa shasi ko ya fasa eyabag ka bar musu, wadda ruwa ya ci kuwa ko kallonta kar ka yi don wayoyinta ba za su taɓa daina ba ka mamaki ba. Wadda aka yi wa kwaskwarima, an sauke ta ƙasa an canza salansa an taɓa kwamfuta, ita ma a'a. In FR-S ko BRZ ta 2013 ce ke hannun wani a gida, ka tambaya ko an yi mata aikin sifirin ɗin bawul da kamfani ya kira a 2018. In ta sauka tashar jirgin ruwa ta Tin Can ka tabbata takardar kwastan ta gaske ce da lambar motar a jiki, don mota mai jan ido kowane shinge sai an tsayar da ita, ni akwai ejen ɗin da ya taɓa ba ni takarda rabi, sai da na sake biya.

Abin da na ce wa yaron a ƙarshe shi ne, tunda yana da Corolla da yake zuwa kasuwa da ita kuma ba zai sayar ba, ya ɗauki baƙar, atomatik, wadda ba a taɓa ba, ya ware kuɗin taya huɗu da na fitila ɗaya ya ajiye gefe kafin ma ta hau ruwa. Da ita kaɗai ce motar da zai mallaka da RC 350 zan tura shi ko in ce ya haƙura tukuna. 86 kuma na bar ta ga wanda ya riga ya san bakaniken Subaru da hannunsa, yake da wanda zai riƙa turo masa kaya daga waje, kuma ba zai ji komai ba in Camry ta wuce shi a kan gada. Ya yi shiru yana kallon hoton farar, yace Yaya amma fa ta fi kyau. Nace ta fi, je ka Ladipo gobe ka tambayi famfon ruwanta da na Z, in ka dawo sai mu ƙarasa maganar.